Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaba da Kansilolin Ƙaramar Hukumarmu Kan Batun Cibiyar Dattawa

Mai girma Shugaba, masu girma Kansiloli,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ya ɗora a wuyanku, ya kuma sa ku sauke ta lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne a nan birnin Sakkwato, na yi ritaya ina hedimasta, kuma wasu daga cikinku ko iyayenku sun zauna a gabana a aji. Ina rubuta wannan takarda da yawun dattawan unguwarmu da na unguwannin da ke maƙwabtaka da mu, maza da mata, waɗanda suka ce tun da ni ne hannuna ya saba da alƙalami, in rubuta abin da muka daɗe muna faɗa wa junanmu. A cikinmu akwai 'yan fansho, akwai majema da dukawa da maƙera da ƙarfinsu ya ƙare, akwai waɗanda suka tsufa a noman albasa da shinkafa a fadamar gulbin Rima, akwai gyatumai da mazansu suka rasu, akwai kuma baƙin da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu suka fake a wurin dangi.

Labari ya iso mana cewa a zamanku na baya an kawo shawarar gina cibiyar dattawa a wannan ƙaramar hukuma, muhawara ta yi zafi tsakanin masu goyon baya da masu adawa, daga ƙarshe aka ɗage maganar ba tare da an sa ranar komawa kanta ba. Mun daɗe a duniya, mun san abin da irin wannan ɗagewar kan zama: takarda ta shiga fayil, fayil ya shiga kabad, wa'adin majalisa ya ƙare. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a fili tun maganar tana da ɗumi.

Abu na farko da ya sosa mana rai shi ne an zauna a kanmu ba tare da mu ba. Ba a aiko wa mai unguwa ya tara mu ba, ba a tambayi limamanmu ba, ba a nemi ko tsohuwa ɗaya an ji daga bakinta yadda take yini ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an kira mu, da muhawarar ba ta kai inda ta kai ba, domin yawancin abin da aka yi ta ja-in-ja a kansa ba shi muke nema ba.

An ce wani daga cikinku ya miƙe ya ce a ƙasar Shehu ba a kai iyaye gidan ajiya, wannan ɗabi'ar Turawa ce, kuma gina irin wannan wuri zai koya wa 'ya'ya yar da nauyin da Allah ya ɗora musu. Muna tare da shi a kan haka, kuma da gidan ajiye tsofaffi aka ce za a gina mana, da mu ne za mu fara zuwa sakatariya mu ce ba mu so. Babu ɗayanmu da ke son ya kwana nesa da jikokinsa ko ya cika a hannun ma'aikaci. Abin da muke roƙo wurin yini ne. Tsoho ya fito daga gidansa da hantsi, ya tarar da inuwa da ruwan sha da abokan hira, a auna jininsa idan ranar awo ce, ya yi azahar da la'asar cikin jam'i, ya koma ɗakinsa kafin magariba. Ko gadon kwana ɗaya ba mu ce a sa a ciki ba.

Irin wannan wuri kuwa ba baƙo ba ne a garin nan. Da shi muka tashi, sai dai lokacin ba hukuma ke gina shi ba. Kowane gida na cikin gari yana da zaure, kowane layi yana da dakali da gindin dogonyaro inda dattawa ke zama, a nan ake sasanta ma'aurata, a nan ake tsawata wa yaro, a nan ake sanin wane bai fito ba yau a aika a dubo shi. Ku duba abin da ya rage daga cikin wannan. Idan mai gida ya rasu aka raba gado, zaure ne abu na farko da ake fasawa a mai da shi shaguna, saboda shi ne ke fuskantar hanya. Sabbin unguwanni irin su Mabera da Dambuwa da Arkilla an gina su da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba a bar wa baƙo wurin zama ba balle tsoho. Faɗaɗa hanyoyi ya cinye bishiyoyi da dama. Gandu ya watse, kowane ɗa da tukunyarsa, kuma da an kammala girbi samari sun kama hanyar Legas da Fatakwal da Abuja cirani, wasunsu sai da goshin damina ake ganinsu.

Ina da maƙwabci baduku wanda ya yi rayuwarsa duka yana ɗinkin jar fatar akuya a zauren gidansu, kuma zauren nan shi ne majalisar layinmu. Da yayansa ya rasu aka raba gida, zauren ya faɗa a rabon 'ya'yan marigayin, suka raba shi biyu, ɗaya shagon cajin waya, ɗaya na sayar da kayan masarufi. Ban ga laifinsu ba, abincinsu suke nema. Amma yanzu dattijon nan a kan bencin mai faci yake zama a bakin titi, cikin ƙura da hayaƙin kabu-kabu, yana jan bencin yana bin inuwar katanga har ta ƙare masa da azahar, sannan ya shiga ɗaki ya kwanta. 'Ya'yansa ba su bar shi da yunwa ba, ba su bar shi da tsumma ba. Da na yi masa maganar wannan takarda sai ya ce mini: "Malam, ka rubuta musu ba tuwo nika biɗa ba, mutane nika biɗa." Ga shi na rubuta.

Game da addini, gaskiya ne aya ta 23 a Suratul Isra'i a kan 'ya'ya ta ɗora kyautata wa iyaye idan tsufa ya kama su, kuma babu wata cibiya da za ta ɗauke musu wannan. To amma ɗora wa ɗa nauyi bai sauke wa shugaba nasa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho makaho daga cikin ma'abota littafi yana bara, sai ya umarci ma'ajin baitulmali da ya yanka masa abin da zai rayu a kai, shi da ire-irensa. Wannan fa wanda ba Musulmi ba ke nan. Sannan mai girma kansilan da ya yi waccan magana ya san, kamar yadda muka sani, cewa a kowace mazaɓa akwai tsohon da Allah bai ba haihuwa ba, akwai wanda 'ya'yansa suka riga shi, akwai wanda ɗansa ɗaya ne kuma shi ma yana fama da kansa. Idan aka ce kowa ya koma ga 'ya'yansa, su waɗannan ina za su koma?

Kuka na gaba na iyayenmu mata ne, kuma shi ne ya fi nauyi, ko da yake an shaida mana cewa a duk tsawon muhawarar ba a ambace su ba. Tsoho namiji, komai rashinsa, yana da masallaci sau biyar a rana, yana da ɗaurin aure da jana'iza, yana iya tsayawa wurin mai shayi a gaisa. Tsohuwa fa? Sai in an yi haihuwa ko rasuwa. A da tana da abin yi da ke tara mata mutane: kaɗi da taɓi, dakan hura, kitso, karɓar haihuwa, renon jikoki da yi musu tatsuniya da dare. Zaren masaƙa ya kashe kaɗi, inji ya karɓe daka, haihuwa ta koma asibiti kamar yadda ya kamata, jikoki kuwa suna boko da safe, Islamiyya da yamma, da dare waya na hannunsu. Na san wata gwaggo a gidan haya wadda surukarta ke fita aiki tun da sassafe, a ja mata ƙofa, daga ita sai rediyo har yara su dawo. Ba zaluntarta ake yi ba, gidan ne babu kowa. Amma ranar da jiri ya kayar da ita a bakin makewayi, a nan ta kwanta cikin rana har aka taso makaranta.

Wasu kuma ko wannan ɗakin ba su da shi. Duk wanda ke bin titunan birnin nan ya ga yadda tsofaffin mata suka yawaita a ƙofar masallatan Juma'a da bakin bankuna da shataletale suna miƙa hannu. Ku tsaya ku tambaye su, za ku ji da yawansu daga Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah suka fito, mata ne da suka yi rayuwa da rumbunsu da awakinsu kafin 'yan bindiga su tashe su. Cibiyar yini ba za ta mai da su gida ba, amma za ta zama wurin da za a san su da suna, a san wadda ta cancanci zakka, a san wadda ke buƙatar likita.

Wanda ke ganin taruwar dattawan mata a wuri ɗaya baƙuwar al'ada ce, ya waiwayi tarihin garin nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, kuma dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jajoji, ta ba su malfa alamar girma, su ke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu, su koma su karantar da na gida. Tsufa a wurinta shi ne ya sa mace ta cancanci a ba ta jagoranci. Sashen mata da muke roƙo a wannan cibiya, da ƙofarsa daban da makewayinsa daban da mata masu kula da shi, gado ne muke neman a raya.

Sai batun lafiya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana ganin lafiyarsa lau, alhali awonsa ya daɗe da wuce 140 bisa 90, sai wata safiya a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Daga nan gida ya shiga wani hali: a sayar da akuya, a jinginar da gona, a cire yarinya daga makaranta ta zauna jinya. Na'urar awon jini da ta awon suga ba su da tsadar da za ta gagari ƙaramar hukuma, kuma ma'aikatan lafiya na matakin farko suna nan a mazaɓunku. Abin da ya rage shi ne wuri da rana da aka sani, inda ma'aikaci zai zo ya tarar da tsofaffi a tare, ya auna, ya rubuta a kati, wanda abinsa ya yi tsanani a tura shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun kafin ya faɗi. Haka yanar ido: aiki ne da likitoci ke yi mutum ya koma gani, amma tsofaffi da yawa sun ɗauka makantar tsufa ce, sun haƙura sun zauna. Haka gigin tsufa, wanda rashin saninsa ke sa a ɗaure tsoho a ɗaki, ko a jefi tsohuwa da maita don ta fita ta ɓace tana sambatu.

Za a ce ai asibitoci suna nan, kowa ya je. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya sa ɗan fansho ya ɗage ganin likita zuwa wani watan, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya hawa kabu-kabu sai an ɗauki shatar keke. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa, jiharmu kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA, amma tsohon da ba ya karatun boko kuma ba shi da mai kai shi, ta ina zai san yadda ake shiga?

Zafin Sakkwato ba sai na ba ku labarinsa ba. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura digiri 40, ɗakin kwano ya koma abin da ba a iya zama cikinsa, wuta kuma sai an ga dama. Jikin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar na yaro, shi ya sa yakan bushe bai sani ba, ga kuma azumin shekarun baya-bayan nan da ya faɗo cikin bazara. Rumfa mai iska da fankar sola da randar ruwa, a wurinmu magani ce.

Akwai kuma wahalar takardu, wadda ƙarama ce a idon mai ƙarfi. Yau komai sai da lambar BVN da ta NIN da katin banki. Na taɓa tsayawa a layin tantancewa a wani ofishi bayan wani tsohon majemi, na'ura ta ƙi karɓar yatsansa saboda toka da bagaruwa sun cinye zanen tun yana saurayi. Aka ce ya goga yatsan a goshi, ya goga, aka ce ya hura masa iska, ya hura, daga ƙarshe aka ce ya dawo wani mako, alhali kuɗin motar ma rance ya yi. Da yawanmu kuma muna miƙa wa yaron POS kati tare da lambar sirri, saboda ido ba ya ganin madannai. Mafi yawan yaran nan masu amana ne, amma ba duka ba. Magatakarda ɗaya amintacce a cibiya, mai cike fom da karanta saƙon banki, zai rufe wannan ƙofa.

Mun ji hujjar rashin kuɗi, da kuma cewa wannan ba aikin ƙaramar hukuma ba ne. Ta biyun ba ta tsaya ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kafa da kula da wuraren gajiyayyu da marasa ƙarfi a layi ɗaya da maƙabartu, ya ambaci wuraren shaƙatawa, ya kuma sa ku cikin harkar ilimin manya da kiwon lafiya. Sashe na 16 ya ambaci kula da tsofaffi da fansho, sashe na 17 ya ce a kare yara da matasa da tsofaffi daga ci da gumi da kuma wofintarwa. Mun san ba a kai gwamnati kotu a kan babin da waɗannan sassa biyu ke ciki, amma sashe na 13 ya ɗora wa duk mai riƙe da mulki bin sa, kuma a kan littafin nan kuka yi rantsuwa. Kun karɓi aikin maƙabarta ba tare da gardama ba, muna kuma godiya, domin mu ne za mu fi kowa saurin amfana da ita. Muna roƙon ku karɓi sauran rabin layin.

Ta fuskar kuɗi kuwa, hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024 ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ko yaya aiwatar da shi ke tafiya, talakawa sun ji labarinsa, tambayoyinsu kuma yanzu ƙofarku za su riƙa zuwa. A matakin tarayya an sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Janairun 2018, ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Ƙaramar hukumar da ta je musu da wuri a hannu da jerin sunaye ta fi wadda ta je da baki kawai samun abin da za ta dawo da shi.

Waɗanda suka ce magudanan ruwa da azuzuwa da aikin yi ga matasa sun fi cancanta, ba za mu yi musu gardama ba, ni da na ƙarar da ƙuruciyata a aji mai yoyo. Sai dai su lura cewa yaron da ke jan sandar kakarsa makauniya zuwa bara, kujerarsa ce babu kowa a ajin da suke son ginawa.

Yanzu kuma ga masu goyon bayanmu a majalisa, muna godiya, amma muna da magana da ku. An ce shawarar da kuka kawo ta katafaren gini ce a bayan gari, mai bene da gilasai da na'urar sanyaya ɗaki. Don Allah kada ku yi mana wannan. Tsohon da ba ya iya biyan kuɗin zuwa asibiti ba zai biya na zuwa hira ba. Gwiwoyinmu ba sa son matakala, sandunanmu ba sa son tayil mai santsi, na'urar sanyaya ɗaki kuma sai da janareta, janareta sai da mai, mai kuma sai an sa hannu a ofis. Mun ga gine-gine da dama da aka yanke wa ƙyalle da kiɗa da 'yan jarida, bayan shekara ɗaya aka sa musu kwaɗo, awaki suka gaje harabar, ko kuma aka mai da su wurin haya na biki. Wannan tsadar ce ma ta ba masu adawa hujja. Gara mana ƙananan wurare a cikin unguwa, inda tsohuwa za ta iya takawa da sandarta, da babban wuri ɗaya da sai dai mu gan shi a hoto.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a dawo da maganar gaban majalisa a zama na gaba, a sa mata rana, a sanar a rediyo, kuma kafin ranar a kira taron jin ra'ayi ta hannun uban ƙasa da hakimai da masu unguwanni, a gayyaci limamai, a kuma ware wa mata nasu zaman domin ba za su buɗe baki a gaban maza ba.

Muna roƙon a ƙidaya mu. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma yawancin tsofaffin da aka rubuta a lokacin sun riga mu gidan gaskiya. Kowane mai unguwa ya san gidajensa, kowane kansila ya san mazaɓarsa, ai lokacin zaɓe ba a ɓata hanyar ɗakunanmu. A rubuta duk wanda ya kai shekara 60, a nuna mai zama shi kaɗai, da mai larurar ido ko ƙafa, da ɗan gudun hijira. Littafi da biro kawai wannan ke ci.

Muna roƙon a fara da wuri ɗaya na gwaji a cikin gari, ta hanyar gyara ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginen hukuma da ke zaune babu mai amfani da su, maimakon sabuwar kwangila. Ya kasance a ƙasa babu hawa, da faffaɗar rumfa, da sashen maza da na mata, da wurin alwala da salla, da makewayi mai abin dafawa a bango da wurin zama ga wanda ba ya iya tsuguno, da bohol da sola, da tabarmi da kujeru masu jingina. A dasa dogonyaro tun ranar da aka fara aiki. Idan ya yi shekara yana tafiya, a ƙara wani a wata mazaɓar.

Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne kuɗin tafiyar da shi. Muna roƙon a ba shi layinsa a cikin kasafin kuɗi na kowace shekara, wanda zai ɗauki albashin mai gadi da mai shara da magatakarda, da gyaran famfo da batir, da ranar awo ɗaya a kowane mako daga sashen lafiya. Kada a aza tubali ɗaya sai an amince da wannan layin. A kuma lika kuɗin da aka kashe da sunan wanda ya yi aikin a allon sanarwa na sakatariya, kowa ya gani.

Muna roƙon a ɗaure filin ta yadda majalisar da za ta gaje ku ba za ta yanka shi shaguna ba. Hanyar da muka fi natsuwa da ita ita ce a tuntuɓi Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha a duba yadda za a yi masa rajista a matsayin waƙafi, wanda ba a sayarwa ba a kuma gadonsa. Wannan zai kuma buɗe wa attajiran garin nan ƙofar sa hannu, domin mutum ya fi sakin jiki ya ba da dukiyarsa ga sadaka mai gudana fiye da asusun hukuma.

Muna roƙon kwamitin da zai riƙe wurin ya kasance mafi yawansa dattawa ne da unguwa ta zaɓa, da mata a ciki, tare da wakilin mai unguwa da na sashen lafiya da na walwalar jama'a. Kada a rataya hoton kowane ɗan takara a bango, kada a raba kati bisa jam'iyya. A cikinmu akwai waɗanda suka yi NPN da waɗanda suka yi PRP da GNPP tun 1979, kuma har yau a tabarma ɗaya muke zama.

Mu ma ba hannu biyu za mu zo mu miƙa ba. Mu tsofaffin malamai mun yi alkawarin ɗaukar ajin yaƙi da jahilci, na boko da na ajami, ba tare da an biya mu ba. Dukawa da maƙera da masu ɗinkin hula sun ce a turo musu yaran da ba su da abin yi su koya musu. Masu sulhu za su rage wa kotu da ofishin 'yan sanda ƙananan rigingimun gado da na aure. Akwai kuma waɗanda suka ga zamanin En'e da idonsu, suka san tarihin kowace ƙofa daga Ƙofar Rini zuwa Ƙofar Taramniya, kuma idan Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ta aiko da mai naɗar murya, za ta same su a wuri ɗaya.

Muna sa ran amsarku a rubuce kafin a kammala shirya kasafin kuɗin baɗi, ta hannun mai unguwarmu. Ranar da za a koma kan maganar, wakilanmu maza da mata za su zo su saurara in Allah ya kai mu, don haka muna roƙon a yi zaman a ɗakin ƙasa, a kuma tanadar musu kujeru kusa da ƙofa.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon hedimasta, a madadin dattawa maza da mata na unguwanninmu,
Sakkwato.